Kifin Tobin

A garinmu na kwarin Willamette, inda yayyafi ke kama aiki tun Oktoba ba ya tashi sai Mayu, duk wanda ya taɓa zama kusa da Lorna Hovland a bas ko a coci ya san ta da warin ruwan kifi. Ba ƙazanta ba ce. Shekara talatin da 'yan kai ta yi tana aiki a ƙasan benen sashen nazarin halittu na jami'a, cikin wani ɗaki mai ɗumi marar taga, inda tankunan gilashi ke jere tun daga ƙasa har rufi, kowanne cike da 'yan kifaye masu ratsin jakin dawa waɗanda tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. Ɗalibai suka sa mata Uwar Kifi, da farko a bayan idonta, daga baya a gabanta, da suka ga tana amsawa. Ita ba farfesa ba ce, ba ta kuma taɓa sha'awar zama ba. Digiri ɗaya gare ta, sai hannun da ba ya rawa.

Mai ɗakin binciken shi ne Farfesa Brandvold, dogon mutum mai yawan mantuwa da kowa ke kira Oga. A shekarar da Lorna ta cika sittin da uku, Oga ya tara mutanensa ya ce zai yi ritaya a ƙarshen zango. Aka yi tafi. Lorna ba ta yi ba, don ta san abin da ritayar farfesa ke nufi a ƙasan bene. In aka rufe ɗakin bincike, littattafai su tafi laburare, kayan aiki a raba wa maƙwabta, ɗalibai a nema musu wani ubangida. Kifi kuwa, duk zuriyar da wani ɗakin bincike bai ce yana so ba, bokitin ruwan ƙanƙara ne makomarta. Haka ka'ida ta ce, kuma ka'idar ta tausayi ce, don an auna an ga ita ce mutuwa mafi sauƙi ga kifin ruwan ɗumi. Lorna ta sha yin aikin da hannunta, bai taɓa hana ta barci ba. Zuriya sama da arba'in ce a ɗakin, duk ta yarda su tafi, ban da guda. Tankuna uku ne a layin ƙasa kusa da ƙofa, an manna musu tef an rubuta lamba, a ƙarƙashin lambar kuma, da rubutun hannunta, Tobin.

Sai an san abin da ake nema a ɗakin kafin a gane tankunan nan. Tambaya ɗaya Oga ya riƙe tun yana saurayi har gashinsa ya zube: yaya hanci ke gane hanyar ƙwaƙwalwa? A cikin ƙwai, ɗan tayin kifi yana farawa ne da wurin hanci daban, wurin ƙwaƙwalwa daban, ba abin da ya haɗa su. Ƙamshi kuwa in ya tsaya a hanci bai amfani kowa ba, sai an kai labarinsa ciki. Saboda haka dole ƙwayoyin halittar da za su riƙa sansano abinci da abokin gaba su miƙa siririn zaren jijiya, ya ratsa nama har ya isa daidai inda ake jiransa. Hanya ce da ba wanda ya taɓa bi, ba alama, ba wanda za a tambaya. Amma suna isa.

Dalili shi ne akwai masu riga su. Tun ɗan tayi bai cika kwana ɗaya ba, wasu 'yan ƙwayoyi ƙalilan ke fitowa a wurin hanci, su miƙa nasu zaren su kai shi ƙwaƙwalwa. Ana ce musu masu share hanya. Na baya sai su zo su kama wannan zaren su bi, kamar makafi a jere, kowa da hannu a kafaɗar na gabansa. Da hanya ta kafu, masu share ta sai su mutu, jiki ya shafe gurbinsu, babban kifi bai san an taɓa yin su ba. In kuwa aka kashe su da wuri, kafin su gama aiki, zaren na baya sai ya yi ta dawurwura, wani ya yi sama, wani ya koma inda ya fito.

Ba a ɗakin Oga aka fara ganin wannan ba, shi ma ba ya musu, ko da yake sai an tambaye shi yake faɗa. Abin da ɗakinsa ya yi suna a kai shi ne hotuna, hotunan kuwa hannun Lorna ne. Ita ke soka allurar gilashi cikin ƙwaya guda ta ɗura mata rini, ƙwayar ta haska kore a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba ta fashe ba. Oga yana son ya rufe laccarsa da cewa haka duniya take, na gaba ya share hanya ya kauce. Yakan faɗi haka yana duban nesa, yadda kowa zai gane kansa yake nufi. Ya yi shekara ashirin yana faɗa kafin ya kauce.

Mijin Lorna, Arlo, mai raba wasiƙu ne har ya yi ritaya, mutumin da ya san kowane lungu na garin da sunan karen da ke cikinsa. Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Tobin, albasa kuwa ba ta yi halin ruwa ba. Tobin yana da hankali, yana da hannun aikin katako, amma in ka aike shi kanti ka ce ya juya dama, to ka mayar da abincinsa firji. Yana da shekara ashirin ya ari motar ubansa zai je bakin teku, tafiyar yamma miƙe ba kwana. Da la'asar ya bugo waya daga wani gidan mai a hamadar gabas, bayan ya haye duwatsu, yana tambaya ko an janye tekun ne. Arlo ya ce da ba a gabansa aka haifi yaron ba, da ya rantse kuskuren adireshi aka yi.

A makon ne Lorna ta ga abin. Tana duba 'ya'yan wasu kifaye biyu da aka jirkita ƙwayoyin gadon kakanninsu da magani don a ga abin da zai lalace, sai ta tarar ɗaya cikin kowane huɗu ba shi da masu share hanya ko guda. Ba wanda ya kashe su, ba su fito ba ne kawai. Zaren hancin 'ya'yan ya cukurkuɗe kamar wanda kyanwa ta yi wasa da shi. Irin abin da Oga ya yi shekaru yana fata ke nan, ya sauko bene har yana tuntuɓe. A al'adar masu kifi, wanda ya fara ganin lahani shi ke raɗa wa zuriyar suna. Lorna ta ɗago daga madubi tana dariya, ta ce ga ɗanta nan an sake haifa mata a ruwa. Sunan da ya shiga mujallun masana wani ne daban, amma a ƙasan bene ba wanda ya taɓa kiran su da shi.

Tobin da kansa ya zo ya leƙa. Ya daɗe da ido a madubi, sannan ya ce, "Mama, kin yi musu ƙazafi. Ba ɓata suka yi ba, gari suke gani."

"Su ma haka za su ce wa ubansu," in ji ta.

Riƙe irin wannan zuriya aiki ne mai ka'ida. Masu lahanin ba sa rayuwa, ba sa ma kai mako biyu. Don haka ba su ake ajiyewa ba, 'yan'uwansu ake ajiyewa, lafiyayyu a ido, waɗanda ke ɗauke da abin a ɓoye, kamar yadda sikila ke kwanciya a jinin iyaye biyu masu ƙoshin lafiya. Ba a gane mai ɗauke da shi ta kallo. Sai a sa namiji da mace a ɗan tanki da yamma, da shamaki a tsakaninsu, da safe in fitilu suka kunnu a zare shamakin, ƙwai ya zubo. Bayan kwana biyu a duba 'ya'yan. In ɗaya cikin huɗu ya lalace, an dace, iyayen nan na kirki ne, su za su haifi tsara mai zuwa. In duk 'ya'yan lafiya lau suke, iyayen ba su cancanta ba. Kowace shekara ake maimaitawa, don kifin ba ya daɗewa yana haihuwa, kuma Lorna ta sha sa ɗalibai kuka a kan sakaci da wannan. Akwai wata kariya, wato a daskarar da maniyyin namiji a ajiye. Duk lokacin da ta tuna wa Oga, sai ya ce firiza tana lalacewa, Lorna ba ta lalacewa. Ta ɗauki maganar a matsayin yabo, don yabon ne.

Tobin ya rasu yana da shekara ashirin da bakwai, wata Asabar da safe, a kicin ɗin gidansa, buta na kan wuta. Bai ɓata ba. Kowa ya san inda yake. Maƙwabta suka yi ta kawo tiren taliya da cuku kamar yadda muke yi, har firji ya ƙi rufuwa. Bayan wasu makonni wani likita matashi, mai kirki ƙwarai, ya kira iyayen ya ce an gano dalili. Lahani ne a tsokar zuciya, na gado, irin wanda sai an samu daga uwa an kuma samu daga uba. Don su fahimta, ya jawo takarda ya zana murabba'i, ya raba shi gida huɗu, ya yi wa gida ɗaya baƙi. Lorna ta zana wa ɗalibai wannan murabba'in a allo fiye da yadda za ta iya tunawa. Ta bar shi ya gama, ta yi masa godiya.

A mota Arlo bai tayar da inji ba. Ya ce, "Ashe ni da ke ne."

"Ni da kai ne."

"Da an duba mu tun farko, da an raba mu ke nan."

Lorna ba ta iya faɗin abin da ba daidai ba ko don ta'aziyya. Ta ce, "A ɗakin bincikenmu, tsoho, irinmu ake ajiyewa."

Ya dube ta, sai dariya ta kufce masa, irin wadda ba ta da daɗin ji, ita ma ta taya shi. Daga nan ya ja mota. Ba su sake tayar da maganar ba.

Ta koma aiki da wuri, kowa ya yaba ƙarfin halinta. Waɗanda suka binne ɗa sun san ba ƙarfi ba ne, gida ne ba ya zaunuwa. Hannunta bai yi rawa ba, allura ba ta kuskure ƙwaya ba, har lokacin sabunta zuriyar Tobin ya zo. Ta haɗa iyaye, ta zare shamaki, ta kwashe ƙwai. Bayan kwana biyu ta ɗora faranti a ƙarƙashin madubi, ta kai yatsa ga makunnin fitila. Ba ta kunna ba. Aikin da ke gabanta shi ne ta ƙirga 'ya'yan da suka lalace, ta nemo iyayen da suka jawo musu, ta yi musu alamar cancanta. Ta ce wa kanta sai mako mai zuwa. Da makon ya zo, ta juye 'ya'yan duka a tanki ɗaya ta raine su tare, masu mutuwa suka mutu ba a ƙarƙashin idonta ba. Da sauran suka girma, ta zaɓi iyayen gaba kamar yadda kowace uwa za ta zaɓa: manya, masu sheƙi, waɗanda ke riga kowa isa wurin abinci.

Hujjarta ba ta banza ba ce. Ko ba a duba ba, mafi yawan waɗanda suka rayu suna ɗauke da abin, shekara ɗaya ba za ta ɓata komai ba. Gaskiya ne, shekara ɗaya ba ta ɓatawa. Haka ta yi a ta biyu, da ta uku, har abin ya tashi daga shawara ya zama yadda ake yi. Ba kuma wanda ya tambaya. Oga ya koma kan wani ɓangaren tambayarsa. Sababbin ɗalibai ba su san labarin tef ɗin ba, sun dai san tankunan ƙasa kusa da ƙofa su ke fara cin abinci, kuma ba a taɓa su. Kifayen suka yi kyau ƙwarai. In manyan baƙi suka zo, su ake nuna musu.

To yanzu ga ritaya ta zo, shekara tara bayan rasuwar. Lorna ta zauna da waya ta bi tsofaffin ɗaliban ɗakin ɗaya bayan ɗaya, waɗanda yanzu farfesoshi ne masu furfura. Kowa ya yi murnar jin muryarta, kowa ya tuna yadda ta koya masa riƙe allura, kowa kuma tankunansa sun cika maƙil. Wani daga ciki ya gaya mata gaskiya. Ya ce zamani ya wuce wurin, yanzu in kana son kifi mai lahani kaza, yanka masa ƙwayoyin gadon kake yi yadda kake so, ba sai ka gaji tsofaffin wani ba. Ta ce masa ai ba wanda ya taɓa gano inda lahanin waɗannan yake kwance, don haka ba a iya yanka irinsa, in sun tafi sun tafi ke nan. Ya ce shi ne ma ya ƙara rage musu amfani. Ta ce ya gaida matarsa.

Ta ƙarshe da ta kira ita ce Dakta Noemi Arriaga, wadda ta zo ɗakin tana budurwa mai yawan kuka da yawan tambaya, yanzu tana da nata ɗakin binciken a wata jami'a a Kanada. Noemi ba ta bari ta gama roƙo ba. Ta ce ta sami sabon madubi mai ɗaukar hoton zare yana tsirowa, kamar fim, kuma ta daɗe tana son ta ga da idonta yadda zaren ke yi in ya fito bai tarar da jagora ba. Za ta karɓi tankunan uku duka. Da ma za ta zo walimar ban-kwana da Oga, sai ta duba su kafin a ɗaure kaya.

"Ba don ban yarda da ke ba, Mama Lorna," in ji ta. "Ke kika koya min: kifin da ba ka ga 'ya'yansa ba, kifin kasuwa ne."

"Na koya miki da kyau," in ji Lorna. Ta ajiye waya.

Ta haɗa iyayen da kanta, duk wanda ke tankunan uku ta nema masa abokin zama. Safiyar walimar aka yi dubawar. A sama ana hura balan-balan, ana jera kek mai siffar kifi, a ƙasa Lorna da Noemi suna zaune kafaɗa da kafaɗa, faranti a tule a gabansu, an riga an rina 'ya'yan. Lorna ta ɗora na farko, ta kunna fitila.

Abin da ta gani ya yi kyau. Ga masu share hanya nan a wurinsu, ga zare ya fito daga hanci ya miƙe ya shiga ƙwaƙwalwa, na baya suna biye a ɗaure kamar igiya. Ta matsa ga ɗa na gaba, haka. Ta gama faranti, ta ɗora wani. Noemi tana ta hira da farko, tana ba da labarin sanyin Kanada da 'yarta da ta ƙi cin komai sai ayaba. Wajen tsakiyar tulin hirar ta fara raguwa. Kafin su kai ƙarshe ba a jin komai sai gurnanin famfon ruwa.

Oga ya sauko neman su, da kek a faranti. Ya leƙa madubi ya ce bai taɓa ganin hanci mai kyau irin wannan ba, ya tambaya wace zuriya ce. Aka gaya masa. Ya sake leƙawa. Sannan ya tambayi Lorna yaushe rabon da a duba 'ya'yansu. Ta faɗi shekarar, ba ta ƙara ko kalma ba, shi ma bai nema ba, don duk mantuwarsa bai manta shekarar ba.

Noemi ce ta yi magana, a hankali, kamar mai taka ƙwai. Ta ce mai yiwuwa masu ɗauke da lahanin sukan ɗan yi jinkirin sansano abinci, kaɗan dai, yadda ido ba zai lura ba. In kowace shekara na gaba a layin abinci ake zaɓa, to kowace shekara ana tace lahanin ne ana zubarwa.

Oga ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Kin warkar da su, Lorna. Shekara arba'in ina wannan aiki, ko ƙuda ban warkar ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce tana iya yiwuwa masu ɗauke da shi ba su haɗu da juna ba ne, za ta sauya musu abokan zama. Ta kuwa sauya. Bayan Noemi ta koma gida, Lorna ta yi sauran makonnin zangon tana haɗa wannan da waccan, waccan da wancan, har kifayen suka gaji da aure. Kowane faranti da ta ɗora, hanya miƙe. Ta bugo wa Noemi ta ce har yanzu ba za a rantse ba, ana iya samun guda ɗaya a cikinsu da ke ɗauke da shi.

"Ɗaya shi kaɗai ba ya haifar da komai, Mama," in ji Noemi, sai ta tuna da wa take magana.

"Na sani," in ji Lorna. Ta ce wa Noemi kada ta damu, ta sa wasu kifayen a tankunan da ta tanada.

Zuriyar da ta yi ta bin mutane da waya don ta tsirar ta riga ta ƙare tun shekaru, a hannunta, cikin kulawa mai kyau. Abin da ya rage a tankunan ƙasa kusa da ƙofa kifi ne irin wanda ake sayarwa a kantin dabbobi, yara su saya su manta.

Nan ne ka'idar jami'a ta nuna nata ɓangaren. Kifin da ke da lahanin bincike ba ya fita daga ginin sai zuwa wani ɗakin bincike ko zuwa bokiti. Kifin gama-gari kuwa, wanda ba ya amfanar ilimi da komai, ma'aikaci na iya roƙa a ba shi ya kai gida. Oga ya je wurin likitar dabbobin jami'a da kansa ya shaida cewa waɗannan ba su da wata daraja ko kaɗan. Lorna ta bi shi tana cewa ba a tabbatar ɗari bisa ɗari ba. Ya juyo a bakin ƙofa ya ce, "Uwar Kifi, yau ɗaya dai, ki bar ni in san wani abu fiye da ke." Ta bar shi.

Sauran zuriyoyin da ba a nema ba, ita ta kai su ƙanƙara, ba ta bar wa kowa ba. Nata ta zuba a akwatin sanyaya lemo da Arlo ke zuwa yawon daji da shi, ya zo da mota ya ɗauke ta.

Sun sa musu tanki a ɗakin cin abinci, wurin da hasken safe ke fara shigowa. Lorna ba ta manna masa tef ba. Kwana kaɗan bayan haka, tana haɗa kofi, ta ji Arlo yana kiranta da muryar wanda ya ga gobara a gidan maƙwabci. Hasken safe ya bugi gilashi, kifayen suna ta korar juna, ƙwai yana zubowa kamar gero, iyayen kuma suna bi suna haɗiyewa tun bai kai ƙasa ba.

Ta ce masa haka suke. Rabin aikinta na shekara talatin hana su cin 'ya'yansu ne. Ya tambaya yaya ake hana su. Ta ce a wurin aiki raga ake sawa, mutanen zamanin da kuwa ƙwallayen gilashi irin na wasan yara suke zubawa a ƙasan tanki, ƙwai ya faɗa tsakani inda baki ba ya kaiwa. Amma ta ce ya bar su, ba dalilin raino. Waɗannan ba kifin Tobin ba ne, abin da ya sa aka kira su haka ya fita daga jininsu.

Arlo ya tsaya yana kallon tankin, hannu a aljihu. Ya ce, "Amma jikokin jikokin waɗanda ya leƙa ne dai, ko?"

"Eh."

"To ku masana, sai da cutar ake zama dangi?"

Ya ɗauki hularsa ya fita cikin yayyafi. Da ya dawo, da jaka biyu na ƙwallayen gilashi ya dawo, ya naɗe hannun riga ya fara jera ƙwallayen a ƙasan tanki ɗaya bayan ɗaya, kifayen suna zagaya yatsunsa. Lorna tana tsaye a bakin ƙofar kicin da kofi a hannu, ta ƙudurta ba za ta sa baki ba. Ta kalle shi ya shimfiɗa jeri ɗaya, ya ja baya yana duba aikinsa, ya fara goge hannu a wando.

Ta ajiye kofin. Ta ce, "Jeri biyu, tsoho. In ɗaya ne za su zura baki."